Wane ne ke ɗaure zobban bankomaisin a cikin ƙwayar bakteriya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen harhaɗa magunguna. A darasin magungunan kashe bakteriya an ce mana bankomaisin sarƙa ce ta amino asid bakwai da sukari biyu a jikinta, kuma wata bakteriyar cikin ƙasa ce ke yin sa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun a aji ɗaya aka koya mana cewa ribosom ne ke haɗa amino asid, kuma iri ashirin ya saba aiki da su. Amma da na duba zanen maganin sai na ga zobba sun sarƙe da juna, ga kulorin har biyu, ga wasu amino asid da ban taɓa gani a littafi ba. Wane ne ke yin wannan aiki a cikin ƙwayar? Me ya sa kamfanoni ba sa haɗa shi da kansu kamar yadda suke haɗa farasitamol? Kuma me ya hana maganin ya kashe mai yin sa?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, idonki ya gani daidai. Ribosom bai taɓa wannan sarƙa ba ko sau ɗaya. Iyakar hannunsa a ciki shi ne ƙera ma'aikatan, wato enzayim ɗin, su kuma su ƙera maganin ba tare da sun duba wani saƙon RNA ba.

Mai yin sa ana kiranta Amycolatopsis orientalis. Tana cikin dangin bakteriyar nan masu girma kamar zare a cikin ƙasa, 'yan uwan Streptomyces, waɗanda ke fitar da ƙamshin da kike ji idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. A farkon shekarun 1950 wani ɗan mishan ya aika da ƙasa daga tsibirin Borniyo zuwa kamfanin Eli Lilly a Amurka, inda Edmund Kornfeld da abokan aikinsa suka ware ƙwayar, kuma aka amince da maganin a 1958. Na farkon da aka tace bai tatu sosai ba, ruwan ƙasa-ƙasa ne, har ma'aikata suka yi masa laƙabi da taɓon kogin Misisifi. Sai a farkon shekarun 1980 aka gama daidaita zanen da kika gani, kuma sai a 1998 ƙungiyar Dudley Williams a Kambirij ta karanta jerin ƙwayoyin gadon da ke yin wani ɗan uwansa na kusa, kuloro'eremomaisin. Shekara guda bayan haka masu bincike a Tubingen ta Jamus suka fito da na balhimaisin. Abin da aka tarar shi ne ƙwayoyin gado fiye da talatin a jere wuri guda, kamar unguwar maƙera, kowane gida da nasa aikin. Yawancin abin da muka sani a kan bankomaisin daga waɗannan 'yan uwa biyu aka fara gano shi, shi ya sa za ki ga sunan enzayim ɗaya yana canzawa daga takarda zuwa takarda. Kada wannan ya ruɗe ki, aikin ne abin riƙewa.

Mu fara da tubalin. A cikin amino asid bakwai ɗin, biyu ne kawai kika sani daga aji ɗaya: lusin a matsayi na ɗaya da asfarajin a na uku. Sauran biyar dole ƙwayar ta ƙera su da kanta, kuma dukkansu masu zobe ne. Na huɗu da na biyar iri ɗaya ne, ana taƙaita sunansa da Hpg. Ki ɗauke shi a matsayin tairosin da aka gajarta wa wuya da kabon ɗaya, ta yadda zobensa ya manne da ƙashin bayan sarƙar. Enzayim uku ke yin sa. HmaS, mai ɗauke da ƙarfe, yana kama abin da ke gaban tairosin a hanyar haɗuwarsa, ya yanke kabon ɗaya ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, ya dasa oksijin a gefe. Hmo ya gyara wurin, sannan HpgT ya kawo naitirojin ya ɗora. A ina HpgT ke samo naitirojin? Daga tairosin yake cirowa, kuma abin da ya rage na tairosin ɗin shi ne ainihin abincin HmaS. Wato sharar mataki na uku ita ce jarin mataki na farko. Ina son wannan ɗan zagaye ƙwarai, ba a zubar da komai.

Na bakwai kuwa, Dpg, daga wata hanya dabam yake fitowa. DpgA yana tara guntaye huɗu na malonil, irin waɗanda jiki ke gina mai da su, ya naɗe su su zama zobe, DpgB da DpgD na taimaka masa. Wannan DpgA ɗan uwan enzayim ɗin tsirrai ne da ke buɗe hanyar yin launin furanni, wadda daga cikinta jan zoɓo ke fitowa. Sai DpgC, wanda ya ba masana mamaki: yana sarrafa iskar oksijin ba tare da ƙarfe ko wani mataimaki ba, alhali kusan duk enzayim mai irin wannan aiki sai da ɗayansu. A ƙarshe HpgT ɗin dai shi ke dawowa ya ɗora naitirojin.

Na biyu da na shida tairosin ne da aka yi wa ƙari biyu, oksijin a wuya da kulorin a zobe. Don a dasa oksijin ɗin, ana ɗora tairosin a kan wani ɗan furotin mai zaman kansa, BpsD, sai OxyD ya zo ya yi aikinsa a kansa, sai Bhp ya kwance shi ya sake shi. Kulorin kuwa enzayim ɗaya tak ke dasa duka biyun, BhaA a balhimaisin, VhaA a bankomaisin. Yana amfani da sinadarin da ke fitowa daga bitamin B2, da oksijin, da kulorin irin na gishirin miya. Ba ya taɓa amino asid ɗin yana yawo, sai an riga an ɗora shi a kan babbar masaƙar da za mu zo kanta yanzu. Tunda biyar cikin bakwai masu zobe ne, huɗu daga cikinsu kuma daga hanyar tairosin suke, ƙwayar ta ajiye ƙarin kwafin enzayim biyu na wannan hanya a cikin unguwar, don kada kaya ya yanke ana tsakar aiki.

Masaƙar ita ce abin da ake taƙaitawa da NRPS, ma'ana mai haɗa sarƙar amino asid ba da ribosom ba. Fritz Lipmann da wasu ne suka fara bayyana irin wannan tsari wajen 1970, a kan wasu magungunan dabam. A bankomaisin manyan furotin uku ne suka haɗu suka yi tashoshi bakwai: uku a na farko, uku a na biyu, ɗaya a na ƙarshe. Jerin tashoshin shi ne jerin amino asid ɗin, ba wani umarni daga waje. A kowace tasha akwai sashe mai suna A, shi ne mai zaɓe: yana da aljihun da ya dace da amino asid ɗaya, ya kama shi, ya ƙona ATP ɗaya, wato makamashin ƙwaya, ya zaburar da shi. Daga nan ya miƙa wa sashen PCP, mai dogon hannu da aka samo daga bitamin B5, tsawonsa kamar nanomita biyu, da atam ɗin salfa a ƙarshensa inda kayan ke rataye. Sai sashen C, wanda ke tsakanin tasha da tasha, ya karɓi sarƙar da ta taho daga baya ya ɗinke ta da sabon amino asid. Haka sarƙar ke tafiya hannu zuwa hannu, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon kankare ranar zuba dakin, ba a taɓa ajiye ta ƙasa ba.

Akwai kuma sashen E a wasu tashoshi. Kin san kusan kowane amino asid yana da siffa biyu, kamar takalmin dama da na hagu, kuma ribosom siffar L kaɗai yake karɓa. Sashen E yana juya L ya koma D bayan an ɗora shi. A bankomaisin huɗu cikin bakwai siffar D ne: na ɗaya, na biyu, na huɗu da na biyar. Wannan juyi shi ke sa sarƙar ta iya lanƙwashewa inda ake so, kuma yana sa enzayim masu narkar da furotin su kasa gane ta.

To, idan aka tsaya nan, me aka samu? Igiya ce mai laushi, tana ta wutsil-wutsil a cikin ruwa, ba ta kashe komai. Nan ne zuciyar tambayarki, don haka bari in ɗan zauna a kai.

Bankomaisin ba ya shiga cikin bakteriya, ba ya toshe wani enzayim nata kamar yadda fenisilin ke yi. Tubalin gininta yake kamawa. Kowane tubalin da bakteriya ke fitarwa don gina bangonta yana da wutsiya da ta ƙare da alanin biyu masu siffar D, wato D-Ala-D-Ala. Maganin yana kifuwa a kan wannan wutsiya kamar ƙoƙo, ya riƙe ta da ɗaurin haidirojin guda biyar, sai magina su rasa inda za su kama tubalin, bango ya yi rauni, ƙwayar ta fashe. Ɗaurin haidirojin ɗaya ba wani ƙarfi gare shi ba. Sai biyar ɗin sun faɗa wurarensu a lokaci guda, kuma hakan ba zai yiwu ba sai ƙoƙon ya kasance sandararre tun kafin ya haɗu da wutsiyar. Saboda haka siffar ita ce maganin. Kaba ce ɗaya, amma wadda aka saƙa ta zama faifai dabam take da wadda ke zube.

Masu saƙar su ne OxyA, OxyB da OxyC, dukkansu 'yan gidan saitokurom P450. Kin san wannan gida daga darasin hanta, su ne masu sarrafa magunguna a jikin mutum. Suna da him a tsakiyarsu, irin ƙarfen da ke sa jini ja, kuma lambar 450 daga tsawon hasken da suke sha ne idan iskar kabon monoksaid ta kama su. A hanta aikinsu yawanci dasa oksijin ne a jikin abu. A nan kuwa oksijin ɗin da suka ɗauko daga iska ba ya shiga maganin, ruwa yake komawa. Da ƙarfinsa kawai suke amfani su fizge haidirojin daga zobba biyu, zobban su rungumi juna.

Kuma da tsari suke shigowa. An gano haka ne a 2001, lokacin da masu binciken Tubingen, cikinsu har da Roderich Süssmuth da Wolfgang Wohlleben, suka riƙa kashe ƙwayar gadon kowane Oxy ɗaya bayan ɗaya a cikin mai yin balhimaisin, suna duba abin da ya taru. OxyB ne na farko: yana ɗaure zoben na shida da na huɗu ta hanyar oksijin ɗin tairosin. In babu shi, sauran ba sa motsi. Sai OxyA ya ɗaure na biyu da na huɗu ta ɗaya gefen, shi ma ta oksijin. Kin ga ke nan na huɗu ya zama ginshiƙin tsakiya, an riƙe shi dama da hagu. Na ƙarshe OxyC, shi ke haɗa na biyar da na bakwai kabon da kabon kai tsaye, ɗaurin da ya fi kowanne matsewa. Kowane ɗauri yana lanƙwasa sarƙar ta yadda za ta shiga bakin enzayim na gaba, shi ya sa ba a tsallake layi. A taikofilanin, wani ɗan uwan bankomaisin wanda Actinoplanes teichomyceticus ke yi, na ɗaya da na uku su ma masu zobe ne, don haka akwai na huɗu, OxyE, da ke shigowa tsakanin B da A ya ɗaure su.

Wani abu ya daɗe yana ba masu bincike wahala. Ƙungiyar John Robinson a Zurik ta nuna cewa OxyB na bankomaisin yana aiki a kwalbar gwaji idan sarƙar na rataye a hannun PCP. Wutar da yake buƙata, wato elektiron, har daga furotin ɗin ganyen alayyafon Turawa aka aro masa. Amma da aka gwada sauran Oxy ɗin haka, sai suka yi kememe. Ga enzayim, ga sarƙa, ga oksijin, ba abin da ke faruwa. Amsar ta fito a 2015 daga ɗakin binciken Max Cryle, a cibiyar Max Planck da ke Haidalbag. A tasha ta bakwai, daf da ƙofar fita, akwai wani sashe da aka daɗe ana gani ba a san amfaninsa ba, har aka sa masa suna X. Kamanninsa na sashen C ne, amma ba ya ɗinka komai. Ashe shi ne mai masauki. Kamar fatoma a zangon fatake: ba ya saye ba ya sayarwa, amma in babu shi baƙo ba shi da wurin sauka. Kowane Oxy yana zuwa ya kama jikin X a wuri ɗaya, hannun PCP ya miƙo masa sarƙar, ya yi ɗaurinsa ya tashi, na gaba ya zo ya sauka a gurbin. Da aka haɗa X a cikin kwalbar gwaji, enzayim ɗin da suka ƙi aiki shekara da shekaru suka fara ɗauri. OxyB na bankomaisin shi ne ɗan gari da ke iya lallaɓawa ba masauki, shi ya sa ya ɓatar da sawu tun farko.

A ganina wannan shi ne mafi kyawun dabara a cikin dukkan aikin. Sarƙar ba ta barin masaƙa sai an gama ɗaure ta. Sashen ƙarshe, TE, wanda ke yanke ta daga hannun PCP, ya fi saurin sakin wadda ta ɗauru a kan wadda ba ta ɗauru ba, ya zama mai gadin ƙofa. Da ana sakin igiyar tun tana laushi, da ƙwayar ta yi asarar duk ATP ɗin da ta ƙona.

Abin da ya fito daga ƙofar ƙoƙo ne tsirara, kuma ko a haka yana kashe bakteriya. Saura ado. MtfA yana ɗora ɗan metil a kan lusin na farko. GtfE yana kawo gulukos ya dasa a kan oksijin ɗin da ya rage a zoben na huɗu, sai GtfD ya ɗora sukari na biyu, bankosamin, a kan gulukos ɗin. Wannan sukari ba a samun sa a kasuwar ƙwayar, enzayim biyar ke ƙera shi daga gulukos. Daga nan ne rabin farko na sunan gidan waɗannan magunguna, gilaikofeftayid, ya fito, don gilaiko sukari yake nufi. A wannan mataki ne 'yan gidan suka fi bambanta. Kuloro'eremomaisin yana da sukari na uku a kan na shida. Taikofilanin yana da sukari uku, kuma a kan ɗayansu wani enzayim yana cire guntun asetil, wani ya maƙala doguwar wutsiyar mai, wadda ke kafa maganin a fatar bakteriya kusa da inda ake ginin bango. Enzayim mai maƙala wutsiyar ba shi da tsananin zaɓe, shi ya sa taikofilanin na asibiti gaurayen manyan iri biyar ne da suka bambanta a wutsiya kawai. Wani ɗan gidan kuma, A47934 na Streptomyces toyocaensis, ba shi da sukari ko ɗaya, salfet aka ɗora masa. Bayan an gama, wani famfo a fatar ƙwayar yana ƙona ATP ya tura maganin waje.

Ki lura da girman abin da aka gina: nauyinsa kusan 1,450 a ma'aunin dalton, alhali fenisilin bai kai 350 ba. Wannan girma shi ke hana shi ratsa fatar waje ta bakteriya irin su mai kawo taifod da kwalara da E. coli, don haka ba maganinsu ba ne. Shi ke kuma hana hanji tsotse shi, sai dai a ba da shi ta jijiya a hankali, a cikin awa guda ko fiye. Ba a shan sa ta baki sai idan ciwon a cikin hanjin yake, kamar na Clostridioides difficile.

Tambayarki ta uku tana da amsa mai ɗan tayar da hankali. Ita ma mai yin maganin tana da bango irin wanda maganin ke rushewa, sai ta canza wutsiyar tubalinta. VanH yana mayar da fairubet ya zama laktet mai siffar D, irin tsamin da ke cikin nono. VanA yana haɗa alanin da wannan laktet, wutsiya ta koma D-Ala-D-Lac. VanX kuma yana bi yana datse duk D-Ala-D-Ala da ya samu, don kada a yi kuskuren gini da shi. Bambancin atam ɗaya ne, oksijin a gurbin naitirojin mai haidirojin. Ɗauri ɗaya cikin biyar ya tafi, kuma a gurbinsa oksijin biyu, na maganin da na laktet, suna ture juna, sai ƙarfin riƙon ya ragu kusan sau dubu. Wata 'yar gidan, Nonomuraea mai yin maganin A40926, ta ɗauki gajeriyar hanya: da VanY kawai take yanke alanin na ƙarshe.

A 1988 aka fara ba da rahoton Enterococcus, wata bakteriyar hanji, mai jure bankomaisin daga asibitocin Ingila da Faransa, kuma ƙungiyar Christopher Walsh a Habad, tare da ta Patrice Courvalin a Faris, suka warware yadda take yi. Waɗannan ukun ne dai, VanH da VanA da VanX. Daga baya Gerard Wright a jami'ar McMaster ta Kanada ya nuna cewa masu yin maganin a cikin ƙasa suna da su a jere iri ɗaya, kuma a 2011 ƙungiyarsa ta ciro su daga ƙasar da ta daskare tun shekara 30,000 a yankin Yukon. Garkuwar ta girmi asibiti nesa ba kusa ba. Abin da ya taimaka wajen yaɗa ta a Turai shi ne abofasin, ɗan gidan nan da aka riƙa zuba wa kaji da aladu a abinci don su yi saurin girma, har Tarayyar Turai ta hana shi a 1997. A 2002 aka samu Staphylococcus aureus mai ɗauke da VanA a jihar Mishigan.

Saura batun kamfani. An haɗa bankomaisin da hannu, ba a kasa ba. David Evans a Habad da K. C. Nicolaou a cibiyar Scripps sun fito da ƙoƙon a 1998, Dale Boger ya biyo baya a 1999, a shekarar da Nicolaou ya kammala shi har da sukarinsa. Amma matakai gommai ne, kowane mataki da asararsa. Matsala ta farko, Hpg da Dpg ba su da haƙuri: da zarar ruwan gwaji ya ɗan yi kaifin kanwa sai su juye daga L zuwa D ko akasin haka. Ta biyu ta fi tsanani. Idan aka ɗaure zobba a matse haka, ba sa iya juyawa, don haka kowane ɗauri yana iya kullewa ta fuska biyu, kulorin yana kallon nan ko yana kallon can. Ɗauri uku, fuska takwas ke nan, ɗaya ce kawai daidai. Mai haɗawa da hannu sai ya yi ta dumama yana warewa yana sake gwadawa. Oxy kuwa bakinsa fuska ɗaya kaɗai yake karɓa, a cikin ruwa, a ɗumin da bai kai na jikin mutum ba. Farasitamol zobe ɗaya ne ba dama ba hagu, mataki biyu ko uku an gama. Shi ya sa har yau a manyan tankuna ake kiwon ƙwayar, a ba ta sukari da iska na kwanaki, sannan a tace.

Ko sababbin magungunan gidan a kan ƙoƙon ƙwayar aka gina su. Telabansin na 2009 bankomaisin ne da aka rataya wa wutsiyar mai a kan bankosamin. Oritabansin na 2014 daga kuloro'eremomaisin yake, dalbabansin kuma, shi ma na 2014, daga A40926, kuma yana daɗewa a jini har allura ɗaya ta ɗauki mako ko fiye. Duk a gefe aka taɓa su, inda hannu ke kaiwa.

Cikin ƙoƙon ne hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi, kuma nan ne ake buƙatar gyara. A 2011 Boger ya musanya oksijin ɗin nan na amino asid na huɗu, mai ture laktet, da naitirojin, sai sabon ƙoƙon ya kama tsohuwar wutsiya da sabuwa duka biyun. Amma don canza wannan atam ɗaya sai da ya gina maganin tun daga tushe da hannu. Hanyar da ake bi yanzu ita ce a raba aikin: mutum ya haɗa igiyar mai amino asid bakwai da irin canjin da yake so, ya rataya ta a PCP mai haɗe da X, ya bar wa Oxy ɗaurin. A 2018 ɗakin binciken Mohammad Seyedsayamdost a Firinston ya sa B da A da C na bankomaisin suka yi ɗauri ukun a jere cikin kwalbar gwaji, ƙungiyar Cryle kuma, wadda ta koma jami'ar Monash a Ostireliya, tana yin irin haka da na taikofilanin. Abin da ake samu a kwalbar har yanzu kaɗan ne ƙwarai, kuma OxyC ne ya fi saurin gajiya da ƙin baƙuwar sarƙa.